Littafin aikin ɗora Windows a kan kwamfutoci 84 na wata cibiya a Agege

Litinin, 11 ga Agusta, 2025

Yau Alhaji, maigidana a shago, ya karɓi aikin shirya kwamfutoci 84 na wata cibiyar koyar da kwamfuta da ke Agege, inda ake horar da ɗalibai masu shirin rubuta jarrabawar JAMB, kuma ya damƙa mini ragamar aikin. Dukkansu na hannu ne, irin waɗanda ake kira tokumbo a nan kasuwar Computer Village ta Ikeja. Bisa takardar dillali, akwai Dell Latitude E7470 guda 22, Latitude 7490 guda 14, HP EliteBook 840 G3 guda 20, Lenovo ThinkPad T470 guda 12, T480 guda 6, sai kwamfutocin tebur guda 10 waɗanda aka harhaɗa a nan gida.

Yadda aka saba a kasuwar nan shi ne a ɗauki filashi, a yi wa kowace na'ura fomatin, sannan a zauna ana neman direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke sa kayan cikinta aiki, ɗaya bayan ɗaya: na sauti, na allo, na wayar sadarwa, na madannin yatsa. Idan na'ura biyu ce ko uku, wannan ba laifi. Amma mai cibiyar ya gaya wa Alhaji cewa duk ƙarshen zango yana so a goge komai a sake ɗorawa, domin ɗalibai suna cika na'urorin da tarkace. Saboda haka na ba da shawarar mu kafa tsarin da za a jona na'ura da waya, a tayar da ita ta hanyar sadarwa, ita da kanta ta faɗi ko ita wace ce, sannan fayil ɗin saiti ya zaɓa mata direbobi da manhajar da ta dace da ita. Zan yi amfani da MDT, kayan aikin Microsoft na kyauta na ɗora Windows a kan na'urori da yawa, wanda yawancin dokokinsa ke cikin wani fayil mai suna CustomSettings.ini. Alhaji ya ce in dai ba za a wuce ƙarshen Satumba ba, in yi yadda na ga ya dace.

Laraba, 13 ga Agusta

Sayayya a layin Otigba. Suwic, akwatin da ke haɗa wayoyin na'urori wuri guda, mai ramuka 24, na hannu, naira 65,000. Nadin waya Cat6 na mita 305, naira 58,000. Kawunan waya da abin matse su, naira 9,500. Uwar garken kuwa, wato kwamfutar da za ta riƙa raba wa sauran manhaja, wata tsohuwar OptiPlex ce da ke kwance a shago, na ƙara mata SSD na naira 42,000, na ɗora mata Windows Server na gwaji, wanda ake bayarwa kyauta na tsawon kwana 180. A kanta na girka WDS domin tayar da na'urori ta waya, da MDT fitowa ta 8456, da kuma ADK, kayan da MDT ke gina hoton tashi da su, na Windows 10 fitowa mai lamba 2004. Na zaɓi wannan tsohon ADK ne da gangan, domin tun daga na Windows 11 fitowa ta 22H2 an cire WinPE (ƙaramin Windows da na'ura ke tashi cikinsa kafin a ɗora mata na gaske) mai bit 32, kuma MDT kan rufe kansa idan ya nemi foldarsa bai same ta ba.

Asabar, 16 ga Agusta

Kafin in rubuta ko layi ɗaya a fayil ɗin saiti, na sa yaran shago biyu suka tayar da kowace na'ura da filashin Linux, suka buga umarnin dmidecode, suka rubuta abin da ta ce game da kanta a cikin littafi: kamfani, samfuri, lambar siriyal, sunan babban allo, nau'in akwati da kuma injin sarrafawa.

Wannan bayani yana zaune ne a cikin BIOS, manhajar da ke dashe a babban allo, a wasu jadawalai da ake kira SMBIOS, waɗanda ƙungiyar DMTF ke kula da ƙa'idarsu. Kamfanin da ya ƙera na'ura shi ke cike guraben tun daga masana'anta. Linux yana karanta su ta dmidecode, Windows kuma ta WMI, kuma daga nan ne rubutun ZTIGather na MDT ke ɗauko abin da yake zubawa cikin Make da Model da Product da SerialNumber. Ke nan duk abin da zan gina yana tsaye ne a kan waɗannan 'yan kalmomi. Idan harafi ɗaya ya bambanta tsakanin abin da na'ura ta faɗa da abin da ke cikin fayil, dokar ba za ta kama ba.

Abin da littafin ya nuna ya saɓa da takardar dillali. Daga cikin HP ashirin ɗin, uku 840 G2 ne, ba G3 ba. Waɗannan ukun suna kiran kamfaninsu Hewlett-Packard, sauran 17 kuma suna cewa HP kawai, domin kamfanin ya rabu gida biyu a watan Nuwamba na 2015, kuma na'urorin da suka fito bayan nan sun ɗauki gajeren sunan. Dell ba su da rigima: Dell Inc., sai Latitude E7470 ko Latitude 7490, daidai da abin da ke rubuce a jikinsu. Lenovo kuwa babu wadda ta ce ThinkPad a gurbin samfuri. Lamba ce mai haruffa goma take bayarwa, mai farawa da 20HE ko 20L6 da makamantansu, sunan da mutane suka sani kuma yana can a wani gurbi dabam mai suna Version. Kwamfutocin tebur su suka fi ban dariya. Bakwai suna cewa To be filled by O.E.M., wato ba wanda ya taɓa cike gurbin, biyu suna cewa System Product Name, ɗaya kuma Default string.

Alhaji ya kira dillalin a kan maganar G2 ɗin, an rage kuɗinsu.

Talata, 19 ga Agusta

Sauke kunshin direbobi daga shafukan Dell da HP da Lenovo. Kowane kunshi ɗaruruwan megabait ne, wasu sun haura gigabait guda. Na bar su suna sauka da dare. Data ta naira 20,000.

Alhamis, 21 ga Agusta

Yau na zauna na rubuta fayil ɗin, kuma yana da kyau in ajiye dalilin kowane mataki a nan domin wanda zai gaji aikin.

A saman fayil ɗin akwai sashen Settings, cikinsa akwai layin Priority, wanda ke jera sassan da za a karanta da kuma wanda zai riga wani. Na rubuta Priority=Bincike,ModelAlias,Default. Sashen Bincike yana kiran wani ɗan rubutun VBScript da na haɗa, irin wanda MDT ke kira UserExit, aikinsa ya duba kamfani da samfuri ya fito da tsaftataccen suna guda, ya zuba shi cikin ModelAlias. Daga nan ZTIGather zai nemi sashen da sunansa ya yi daidai da wannan suna. Idan ya samu, ya karanta; idan bai samu ba, ya zarce zuwa Default. Ƙa'idar da ta fi muhimmanci ita ce, a yawancin saituka wanda ya fara faɗa shi ke da magana: in sashen samfuri ya riga ya ba da wata ƙima, Default ba ya iya sauya ta.

A kan wannan ƙa'ida na ɗora abu biyu. Na farko, direbobi. Na sa DriverSelectionProfile=Nothing, sannan DriverGroup001 ya nuna foldar da ke ɗauke da sunan samfurin, ta yadda na'ura ba za ta ga direban kowa ba sai nata. Na biyu, na rubuta OSInstall=Y a ƙarƙashin kowane samfurin da na sani, na kuma rubuta OSInstall=N a Default. Matakin tantancewa yana zuwa ne kafin a taɓa faifai, saboda haka duk na'urar da fayil bai san ta ba za ta tsaya cak ba tare da an goge mata komai ba. Default ya zama kamar maigadin da aka ba jerin sunaye, wanda ba ya ciki sai ya jira a ƙofa.

Maƙwabcinmu Bayarabe, wanda ya daɗe yana irin wannan aiki, ya leƙo ya ce wahalar banza nake yi, in zuba direbobin duka wuri guda in bar MDT ya zaɓa da kansa ta lambobin kayan. Hanyar tasa tana aiki, kuma ita ce ta asali a MDT: kowane kaya yana da lambar kamfani da ta samfuri, misali VEN_8086 na Intel ne, VEN_10EC na Realtek, sai a nemi direban da ya ambaci lambar. Inda ba na yarda da ita shi ne, guntun sauti iri ɗaya na Realtek yana iya zama a cikin Dell da HP da Lenovo, kowane kamfani kuma ya gyara direbansa domin ramin abin kunne da makirfo da maɓallan nasa. Idan direbobi uku suka amsa lamba ɗaya, Windows zai ɗauki wanda ya fi dacewa a lissafinsa, sau da yawa mafi sabuwar rana, kuma ba lallai ne ya zama na kamfanin na'urar ba. Sai na'ura ta tashi lafiya, amma a soka abin kunne sauti ya ci gaba da fita ta lasifika. A cibiyar da ɗalibai tamanin za su zauna ɗaki guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Litinin, 25 ga Agusta

Tayarwa ta waya ta ƙi. Na'urori suna karɓar adireshi, amma ba su samun fayil ɗin tashi. Rawutar intanet ta shago ce ke riga uwar garke amsawa, tana raba nata adireshin ba tare da bayanin PXE, wato na tayarwa ta waya, ba. Na zare wayarta daga suwic ɗin, na bar DHCP na uwar garke, mai raba adireshi, shi kaɗai, na ƙara wa uwar garken katin waya na biyu domin intanet, naira 6,000.

Laftof duka na mayar da su UEFI, sabon salon tashi. Wasu daga cikin kwamfutocin tebur masu allon H61 ba su iya tashi ta waya sai a tsohon salon BIOS, amma WDS yana gane kowanne daga abin da na'urar ta aiko a buƙatarta ta DHCP, yana ba ta fayil ɗin da ya dace, don haka ban rubuta zaɓi na 66 da 67 na DHCP, masu nuna inda fayil ɗin tashi yake, da hannu ba.

Laraba, 27 ga Agusta

E7470 ta farko ta kammala daga danna F12, maɓallin tayarwa ta waya, har zuwa fuskar Windows 10 fitowa ta 22H2 cikin kusan minti 35, babu alamar rawaya ko ɗaya a jerin kayanta. Da la'asar muka jera takwas a lokaci guda, suka ɗauki kusan awa ɗaya domin dukkansu daga faifai ɗaya suke ja. Na kunna SLShare domin kowace na'ura ta aika rahotonta zuwa uwar garke bayan ta gama. Fetur na janareta, naira 12,000.

Juma'a, 29 ga Agusta

An gama E7470 duka 22 da HP G3 guda 17. G2 ukun sun sami sashensu da foldarsu.

Asabar, 30 ga Agusta

Lenovo. Rubutun Bincike yana ɗaukar haruffa huɗu na farko na lambar samfuri idan kamfani LENOVO ne, domin su ne nau'in na'urar, sauran shidan kuwa suna nuna yawan ram da faifai da ƙasar da aka kai ta. T470 tara suka wuce da 20HD da 20HE. Uku suka tsaya a matakin tantancewa. Na danna F8 a cikin WinPE, na buɗe ZTIGather.log da ke ƙarƙashin X:\MININT\SMSOSD\OSDLOGS, sai ga ModelAlias yana cewa 20JN.

A jikinsu T470 aka rubuta, kuma gaskiya ne T470 ne, sai dai Lenovo ya fitar da wannan samfuri kashi biyu: 20HD da 20HE masu injin Intel zuriya ta bakwai, da 20JM da 20JN masu zuriya ta shida, waɗanda aka yi domin ma'aikatun da ke son ci gaba da Windows 7. Da na bi sunan da ke rubuce a jikinsu, wataƙila da na haɗa su wuri guda ban sani ba. Na buɗe wa 20JM da 20JN sashe nasu, na duba kunshin da shafin kamfanin ya ware musu, suka wuce. T480 shida, 20L5 da 20L6, ba su ba da wahala ba.

Talata, 2 ga Satumba

Wannan ita ce rana mafi tsawo zuwa yanzu. Latitude 7490 guda 14: biyar sun wuce, tara suka faɗi a matakin raba faifai da saƙon cewa ba a sami faifai ba. An gane samfurin daidai, rahoto ya nuna Latitude 7490, an shiga sashensa, OSInstall ya zama Y. Na buɗe diskpart a cikin WinPE na nemi jerin faifai, babu komai. Ɗaya daga cikin yaran ya ce dillali ya cuce mu, an zare SSD ɗin. Muka kwance bayan guda ɗaya, ga SSD a zaune a raminsa da dunƙulensa.

Bambancin yana wuri biyu. Biyar ɗin da suka wuce SSD ɗinsu na SATA ne mai siffar M.2, taran kuwa NVMe ne. Sannan a cikin BIOS, gurbin SATA Operation yana kan RAID On, wanda shi ne saitin da Dell ke fitowa da shi daga masana'anta. A wannan yanayi faifan NVMe yana ɓoye ne a bayan mai kula da faifai na Intel, kuma ba ya bayyana sai an loda direban Intel RST. WinPE ɗin da na gina ba shi da shi, domin direbobin waya kaɗai na zuba masa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga BIOS na kowace a mayar da ita daga RAID On zuwa ɗaya saitin, AHCI, kuma abin da kowa ke yi ke nan a kasuwa. Na ƙi bin ta saboda abin da na gani a kan teburin: uku daga cikin taran suna nuna wata tsohuwar rana a agogonsu, alamar ƙaramin batirin BIOS ya mutu. Na'urar da batirin nan ya mutu, in babban batirinta ma ya ƙare, tana iya komawa saitin masana'anta. Idan an ɗora Windows a AHCI, daga baya BIOS ya koma RAID On, shuɗin allo za a gani mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, kuma a Agege zai faru, ba a gabana ba. Don haka na bar su a RAID On, na zuba direban RST cikin WinPE, na tabbatar yana cikin foldar 7490, na sake gina hoton tashi na sauya shi a WDS. Taran suka ga faifansu. Sai bayan isha'i na baro shago, jirgin Red Line ya riga ya wuce, na bi danfo daga Ikeja Along.

Darasin da ya shafi fayil ɗin shi ne, direban waya da na faifai ba su iya jiran a gane samfuri, domin ba tare da su ba ba za a kai ga fayil ɗin ko faifan ba. Su dole su kasance cikin WinPE tun farko, na dukkan samfura.

Juma'a, 5 ga Satumba

Hutun Maulidi, ba a buɗe shago ba.

Talata, 9 ga Satumba

Mai cibiyar yana son kowace na'ura ta sami suna tsayayye wanda ba zai sauya ba ko an sake ɗora mata manhaja, domin ya san wadda ke kan kowace kujera. MDT yana ba da damar buɗe sashe da adireshin MAC, lambar da aka dasa wa kowane katin waya, amma wannan ba zai yi mana ba. Laftof shida raminsu na waya ya karye ko ya saki, da ɗan abin jona waya ta USB muke ɗora musu, kuma adireshin MAC na abin jonawar ne, ba na na'urar ba. Guda biyu muka saya, naira 8,500 kowanne, ke nan na'urori uku za su riƙa amsa suna ɗaya. Waɗannan shidan ma ba ta F12 suke tashi ba, da filashi mai ɗauke da LiteTouchPE, hoton tashi na MDT, muke tayar da su, daga nan su ci gaba ta waya kamar kowa.

Na koma kan lambar siriyal: OSDComputerName ya zama AG da ɗan layi sannan SerialNumber. Sunan kwamfuta a Windows ba ya wuce haruffa 15. Na Dell haruffa bakwai ne, na Lenovo takwas, na HP goma, duk sun shiga. HP guda ɗaya ce ta fito da gurbin siriyal babu komai. Da muka buɗe ta sai muka ga an taɓa sauya mata babban allo ba a rubuta masa lamba ba. Ita da kwamfutocin tebur na sa rubutun Bincike ya gane cewa siriyal ɗinsu ba na kirki ba ne, ya mayar da SkipComputerName zuwa NO, domin a tambayi mai aiki ya buga suna da hannu.

Asabar, 13 ga Satumba

Ruwan sama tun safe, babu wuta. Mun manna wa na'urori takardun suna, mun sauya batirin BIOS guda 11, naira 1,500 kowanne na laftof mai 'yar waya, naira 500 na tebur.

Laraba, 17 ga Satumba

Mai cibiyar ya zo shago da kansa. Ya ji cewa Microsoft zai daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ya ce me ya sa ba za a ɗora 11 a kan duka ba. Na ce masa: “Malam, Allah ya gafarta, Windows 11 yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin Intel daga zuriya ta takwas zuwa sama, kuma yawancin na'urorin nan zuriya ta shida ce da ta bakwai.” Ya ce ai ya ga ana tsallake wannan sharaɗi a kasuwa. Ana yi, amma na'urar da aka tsallake mata ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma ba na son in miƙa masa abin da ba zan iya tsaya masa ba. Na gaya masa akwai shirin ƙarin tallafin tsaro na kuɗi da ake kira ESU ga masu son zama a kan 10. Muka tsaya a kan cewa waɗanda suka cancanta su koma 11, sauran su zauna a 10, kuma tun da atisayen jarrabawa a cikin hanyar sadarwar cibiyar ake yi, za a tsuke musu fita intanet.

A fayil ɗin, TaskSequenceID ne ke zaɓar jerin aikin da za a bi, kuma da farko kamar abu ne mai sauƙi: 7490 da T480 su sami 11. Littafin ranar 16 ga Agusta ya nuna ba haka ba ne. Cikin 7490 guda 14, huɗu suna ɗauke da i5-7300U, zuriya ta bakwai, alhali sunan samfurinsu ɗaya ne da masu i5-8350U. MDT yana tattara saurin injin sarrafawa amma ba ya kawo sunansa, don haka na ƙara wa Bincike tambaya zuwa Win32_Processor, ya ciro zuriyar daga sunan, ya lanƙaya ta a ƙarshen ModelAlias. Yanzu akwai sashe biyu na 7490, suna nuna foldar direbobi dabam-dabam, ɗaya ta 10 ɗaya ta 11. Jimillar masu komawa 11 ita ce 16: 7490 goma da T480 shida.

MDT ba ya cikin abin da Microsoft ya amince a ɗora Windows 11 da shi, ko da yake yana ɗorawa, kuma tun 2023 kamfanin ya sanar cewa zai janye VBScript, wanda da shi aka rubuta yawancin rubutun MDT. Na rubuta wannan a takardar da zan ba Alhaji, domin ya san tsarin yana da wa'adi.

Asabar, 20 ga Satumba

An sake ɗora 16 ɗin da Windows 11. Fetur naira 10,000.

Litinin, 22 ga Satumba

Kwamfutocin tebur. Tun da gurbin samfurinsu ba shi da amfani, Bincike yana duba ko abin da ke ciki yana cikin jerin kalmomin banza da na tara, bayan ya mayar da haruffan duka manya, domin wasu alluna suna rubuta To Be Filled da manyan baƙaƙe wasu da ƙanana. Idan haka ne, sai ya ɗauki sunan babban allo, wanda MDT ke ajiyewa a Product. Alluna iri huɗu suka fito, na H61 biyu, na H81 biyu, kowanne ya sami sashe. Direbobinsu kaɗan ne, na waya da na sauti da na hoto.

Ana cikin haka wani abu ya faru da ya cancanci a rubuta. Wata hajiya daga Idi-Araba ta kawo laftof ɗinta domin a sauya mata madanni, aka ajiye ta a ƙarshen dogon teburin. Ƙaramin yaron shago, wanda ya saba da aikin makonnin nan, ya soka mata waya ya danna F12. Tun da na ɓoye duk shafukan tambaya, ba abin da zai tambaye shi ko ya tabbata. Na'urar ta tashi cikin WinPE, aka karanta sunanta, ba ta cikin fayil, ta faɗa Default, jan allo ya fito da saƙon cewa ba a ba da izinin ɗorawa ba. Yaron ya zo yana cewa: “Yaya, wannan ta ƙi.” Faifanta yana nan yadda yake, da lissafin kasuwancinta na shekaru a ciki. Duk da haka na ja jan tef a tsakiyar teburin, kayan kwastoma ba su ƙetare shi.

Asabar, 27 ga Satumba

Lasisi. Tun daga Windows 8, kamfanoni suna dasa mabuɗin lasisi a cikin BIOS, a jadawalin ACPI mai suna MSDM. Na ƙara mataki a ƙarshen jerin aiki wanda ke karanta OA3xOriginalProductKey ya shigar da shi. Laftof 70 sun kunnu da Pro da zarar sun ga intanet. G2 ɗaya da E7470 biyu ba su da mabuɗi a ciki, HP mai sauyayyen allo kuma mabuɗin Home gare ta. Su huɗu da na tebur goma, mai cibiyar zai saya musu lasisi. Na ba shi jerin.

An kai kaya Agege a mota biyu, ta gadar Pen Cinema, naira 35,000 har da 'yan dako. Abin da aka kashe a kan tsarin kansa, ban da kuɗin mota, ya kama naira 254,000 da 'yan kai, kuma suwic da waya da uwar garke duk za su ci gaba da aiki.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na je cibiyar na duba. Tamanin da uku suna aiki. Ɗaya daga cikin na tebur ta ƙi tashi, wutar cikinta ce ta ƙone. Aka sauya, ta dawo da sunanta. Wata 7490 da aka bari batirinta ya ƙare ƙaf ta koma saitin masana'anta, ta kuma tashi lafiya a RAID On.

Abin da ya rage: za a mayar da uwar garken can cibiyar, a ware mata layinta dabam da na ɗalibai domin kada wani ya danna F12 ya goge na'urar da ke gabansa, kuma zan sa WDS ya riƙa neman amincewa kafin ya amsa wa na'urar da bai sani ba. Windows Server na gwaji zai ƙare a watan Fabrairu, don haka kafin Disamba sai an yanke shawara tsakanin sayen lasisi da komawa tayarwa da filashi. Zan kwafe CustomSettings.ini da rubutun Bincike a wuri biyu, in rubuta wa mai kula da ɗakin kwamfuta matakan ƙara sabon samfuri: ya karanta ModelAlias daga rahoto, ya buɗe folda da wannan suna, ya zuba direbobi, sannan ya buɗe sashe ya sa OSInstall=Y. Mai cibiyar ya ce akwai HP 840 G5 guda goma da yake ciniki, za su iso tsakiyar wata, da su za mu gwada ko takardar matakan ta isa ba tare da ina wurin ba.